Boston ta Ingila, garin kabeji da gardama

Matafiyin da ya shiga jirgin ƙasa a tashar King's Cross ta birnin Landan ya nufi arewa, zai sauka a garin Grantham bayan tafiyar sa'a guda da ƴan mintoci, sa'an nan ya sake wani ƙaramin jirgi mai ratsa ƙauyuka zuwa gabas, wajen bakin teku. Kafin a yi nisa tuddai sun ƙare. Ƙasa ta shimfiɗe kamar tabarma, baƙa wuluk, babu dutse babu tudu, sai manyan lambatu miƙaƙƙu cike da ruwa da suka raba gona da gona. Wannan yanki na jahar Lincolnshire fadama ce a da, wadda ruwan teku ke shiga yana fita. Daga ƙarni na 17 zuwa na 19 aka yi ta janye ruwan, har wurin ya zama ɗaya daga cikin ƙasashen noma mafi albarka a Ingila. Kabeji, albasa, dankalin Turawa da furanni na sayarwa su ne iyakar abin da ido ke gani. Can a ƙarshen gonaki, tun da sauran tafiya mai yawa, wata hasumiya ta dutse tana tsaye ita kaɗai cikin hazo. Hasumiyar majami'ar St Botolph ke nan, wadda tsawonta ya haura mita 80, kuma ita ce alamar garin Boston.

Sunan yakan ruɗa baƙo, domin Boston ɗin da duniya ta sani tana Amurka. To amma waccan ɗiya ce ga wannan: mutanen wannan yanki da suka yi ƙaura saboda saɓanin addini su ne suka raɗa wa sabon garinsu sunan na gida a shekarar 1630. Uwar ba ta yi girman ɗiyar ba. A ƙidayar 2021, garin da ƙauyukan da ke ƙarƙashinsa ba su wuce mutum dubu 70 da ƴan kai ba, wato ƙaramin gari ne idan aka gwada shi da Maraɗi ko Damagaram. Abin da ya fito da sunansa a jaridu ya faru ne ranar 23 ga watan Yuni na 2016, ranar zaɓen raba gardama a kan zaman Birtaniya cikin Tarayyar Turai. A ƙasar gaba ɗaya, kusan kashi 52 cikin 100 suka ce a fita, kashi 48 suka ce a zauna. A Boston kuwa, fiye da kashi 75 cikin 100 ne suka ce a fita, kuma babu wata gunduma a duk faɗin ƙasar da ta kai wannan adadi.

Abin mamaki shi ne, fatauci da ƙasashen Turai ne ya gina garin. A ƙarni na 13 da na 14, gashin tumakin Ingila ta tashar jiragen ruwan Boston yake bi zuwa masaƙun Filanda, a ƙasar Beljik ta yau, kuma fataken Jamus na ƙungiyar Hansa suna da masauki da rumbunan ajiya a bakin kogin Witham. A farkon ƙarni na 13, tashar Landan kaɗai ta fi ta Boston biyan haraji. Da ribar wannan ciniki aka aza harsashin majami'ar a 1309. Har gobe ƙaramar tashar tana aiki: ana sauke ƙarfe da katako, ana loda hatsi.

Ranar kasuwa

Kasuwar Boston tana ci ranakun Laraba da Asabar, a babban fili da ke gindin hasumiyar. Masu kayan lambu suna kiran farashi da irin Turancin yankin, mai nauyi a baki, wanda ko ɗan Landan sai ya kasa kunne kafin ya gane shi. Idan aka haye gadar kogi aka shiga titin West Street, sai harshe ya sauya. Allunan shaguna da yawa an rubuta su da harshen Polan ko na Lituwaniya, ana sayar da baƙin burodi da kyafaffen nama irin na gabashin Turai, ga wuraren aika kuɗi gida.

Asalin wannan sauyi sananne ne. Ranar 1 ga watan Mayu na 2004 ƙasashe goma suka shiga Tarayyar Turai, cikinsu har da Polan, Lituwaniya da Latbiya. Faransa da Jamus suka jinkirta buɗe wa mutanen waɗannan ƙasashe ƙofar aiki na wasu shekaru, amma gwamnatin Tony Blair ta buɗe tata nan take, ita da Ailan da Suwidin. Gonakin Boston da masana'antun da ake wanke kayan lambu ana ƙunshewa domin manyan kantuna suna neman hannu, ƴan ci-rani kuma suna neman fam. A ƙidayar 2001 mazauna gundumar kusan dubu 56 ne, kusan dukansu haifaffun Birtaniya. A ta 2011 sun kusa dubu 65, kuma fiye da mutum ɗaya cikin goma haifaffen sababbin ƙasashen Tarayyar ne. Daga 2014 mutanen Rumaniya da Bulgariya suka biyo sahu.

Shekaru sun shuɗe da yin zaɓen, amma a shagunan shan shayi da ke gefen kasuwa maganar ba ta mutu ba. Ingilishi mutum ne mai gardama cikin sanyin murya; yakan fara da batun ruwan sama, ya gangara kan tsadar wutar lantarki, kafin a ankara an iso ga Brexit, sunan da suka ba wa fitar. Masu zama a irin wannan tebur sanannu ne, kowa kuma da karatun da ya daɗe yana maimaitawa.

Akwai dattijon da aka haifa a garin, wanda ya bar lakwal yana ɗan shekara 15 ko 16 ya shiga gona, daga gona zuwa masana'antar ƙunshe kabeji har ya yi ritaya. Shi ba ya musun cewa baƙin suna da ƙwazo, ya yi aiki da su kafaɗa da kafaɗa. Kukansa shi ne ba wanda ya shawarce shi. A cewarsa, masu gidaje sun raba gida ɗaya ɗaki-ɗaki suna zuba leburori, kuɗin haya ya tashi. Albashi ya tsaya a mafi ƙarancin abin da doka ta yarda, tun da kullum akwai mai karɓar aikin a haka. Ganin likita ya zama sai an jira. Ajin jikansa ya cika da yaran da sai an fara koya musu Turanci. Yakan ƙara da wata hujja da ƴan Landan suka daɗe ba su lura da ita ba. A zaɓen ƴan majalisa, wanda ya fi ƙuri'a a mazaɓa shi ke kwashe kujera, sauran ƙuri'u sun bi ruwa, kuma a mazaɓu irin tasa an san mai cin zaɓe tun kafin a kaɗa. A zaɓen 2016 kuwa an zuba ƙuri'un ƙasar duka a ƙwarya ɗaya, tasa ta yi nauyi daidai da ta babban malamin jami'a.

Akwai manomi mai ɗaruruwan eka, wanda ke amsa masa da lissafi. Manyan kantuna su ke yanke farashi, shi nasa bi. Kabeji kuwa da hannu ake yankansa, cikin sanyin Janairu, tun kafin gari ya waye, kuma samarin garin sun daɗe da juya wa wannan aiki baya. In babu baƙo, amfanin gona a gona zai ruɓe. Duk da haka manoma da dama su ma fita suka zaɓa, saboda gajiya da takardun Buruksel da ƙa'idodinta.

Akwai kuma matar nan ƴar Polan mai shago, wadda ta kusa shekara ashirin tana biyan haraji, ƴaƴanta kuma a asibitin garin aka haife su. Ita ba ta kaɗa ƙuri'a ba, domin doka ba ta ba ta dama ba. Mazaunin Birtaniya ɗan ƙasashen Commonwealth, wato ƙungiyar ƙasashen renon Ingila, ko daga Kano ya zo ko daga Kumasi, yana da ƙuri'a a wannan zaɓe. Ɗan Polan da ɗan Faransa ba su da ita, alhali kuwa makomarsu ake yankewa. Daga baya sai da ta nemi takardar izinin zama kafin ƙarshen watan Yuni na 2021, kamar sauran ƴan Turai fiye da miliyon 5 da suka samu irinta.

Wace lakwal ka yi?

Gardamar takan yi ta zagaye a haka, har wani matashi mai digiri, malamin lakwal ko ma'aikacin gunduma, ya jefo alƙaluman masana tattalin arziki a kan hasarar da fitar ta jawo. A nan ne dattijon kan ajiye kofinsa ya tambaye shi lakwal ɗin da ya yi. A Ingila wannan tambaya daidai take da tambayar asali, kuma a Boston amsarta ta fi zafi, domin jahar Lincolnshire tana cikin ƴan wuraren da ba su bar tsohon tsarin tace yara ba.

Tsarin ya samo asali daga dokar ilimi ta 1944. Yaro yana kusan shekara 11 zai zauna jarrabawa guda. Wanda ya ci ya tafi lakwal ɗin da ake kira grammar, mai kai mutum jami'a, wanda ya faɗi ya tafi ta gama-gari, inda akasari ake fita a kama sana'a. Duk ma'aikacin da ya tuna ranar da aka kira sunayen waɗanda suka ci jarrabawar shiga kolej, da abokan da aka bari a ƙauye tun daga ranar, ya san abin da ake nufi. Daga 1965 gwamnatin jam'iyyar Labour ta buƙaci gundumomi su haɗe lakwal ɗin wuri ɗaya, kuma a 1998 aka hana buɗe sababbin na grammar. A yau 163 suka rage a Ingila. Biyu daga cikinsu suna Boston: ta maza, Boston Grammar School, wadda takardar kafuwarta ta sarauta ta koma 1555, da ta mata, Boston High School.

Garin ba shi da jami'a. Yaron da ya ci jarrabawar nan, ya gama, ya samu shiga jami'a, sai ya tafi Lincoln ko Nottingham ko Landan, kuma da wuya ya dawo, tun da aikin da ya dace da takardarsa ba shi da yawa a tsakiyar gonakin kabeji. Wanda ya faɗi shi ne ke zama, shi ne kuma ya yi gogayya da ɗan ci-rani a kan aiki ɗaya da ɗakin haya ɗaya. Ƴancin yawo da aiki ko'ina cikin Turai, wanda ga mai digiri yake nufin shekarar karatu a Sipaniya ƙarƙashin shirin Erasmus ko aiki a bankin Frankfurt, ga wancan yana nufin ƙarin mutane a layin neman aiki. Binciken ra'ayi da aka yi bayan zaɓen ya nuna wannan tsaga a fili: wajen biyu cikin uku na masu digiri sun zaɓi zama, yayin da wajen bakwai cikin goma na waɗanda karatunsu ya tsaya a shekara 16 ko ƙasa da haka suka zaɓi fita. Lokacin yaƙin neman ƙuri'a, Michael Gove, wanda ya riƙe ma'aikatar ilimi daga 2010 zuwa 2014, ya faɗa a talabijin cewa mutanen ƙasar sun gaji da masana. Masu digiri suka yi ta yi masa dariya, amma a garuruwa irin Boston maganar ta samu kunne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

To amma idan matashin yana da wayo, akwai amsar da yakan mayar, wadda ke sa teburin ya yi dariya gaba ɗaya. Jagoran masu cewa a zauna, faraminista David Cameron, da fitaccen jagoran masu cewa a fita, Boris Johnson, lakwal ɗaya suka yi, wato Eton, sa'an nan jami'a ɗaya, Oxford. Eton tana bakin kogin Thames, daura da fadar Windsor. Sarki Henry na 6 ya kafa ta a 1440 domin yara 70 ƴaƴan marasa hali; a yau kuɗinta na shekara ya haura fam dubu 60, fiye da miliyon 40 na sefa, kuma ta fitar da faraministoci 20. Yaran da ke lakwal masu zaman kansu ba su wuce kashi 7 cikin 100 na yaran ƙasar ba, amma su suka fi yawa a manyan kujerun shari'a. Johnson kansa ya yi wani ɓangare na ƙuruciyarsa a Buruksel, inda mahaifinsa ke aiki a hukumar Turai, yana jin Faransanci, kuma a can ya yi suna yana wakilin jaridar Daily Telegraph mai yi wa dokokin Turai ba'a. Nigel Farage, wanda ya fi kowa daɗewa yana kiran a fita, shi ma ɗan lakwal mai tsada ne, Dulwich College, kafin ya shiga dillancin ƙarafa a kasuwar Landan.

Ko Grantham, inda matafiyi ya sake jirgi, tana da nata labarin. A saman wani shagon kayan masarufi na garin Margaret Thatcher ta tashi, ta yi lakwal ɗin grammar ta ƴan mata, ta wuce Oxford. Ita ce misalin da masu kare jarrabawar ke kawowa, cewa ɗiyar mai shago ta zama faraminista. Masu suka kuma sukan tuna musu cewa a zamanin da take ministar ilimi, daga 1970 zuwa 1974, aka rufe ko aka haɗe lakwal ɗin grammar fiye da zamanin kowane minista. Ita ce ta yi yaƙin a zauna cikin Turai a zaɓen raba gardama na farko a 1975, ita ce kuma ta ja wa Buruksel kunne a jawabinta na Bruges a 1988.

Bayan an fita

Cameron ya bayyana murabus washegarin zaɓe. Theresa May ta sha fama da majalisa shekara uku ba ta samu yadda take so ba, ta sauka a 2019. Johnson ya ci zaɓen Disamba na wannan shekara, Birtaniya ta fita ranar 31 ga Janairu na 2020, bayan shekara 47 da shigarta, kuma sai ranar 24 ga Disamba na 2020 aka kammala yarjejeniyar ciniki. Yarjejeniyar ba ta sa kuɗin fito a kan kaya ba, amma ta dawo da duwan: takardar bayyana kaya, shaidar asalin kaya, shaidar likitan dabbobi ga nama da cuku. Babban kamfani yana da ma'aikatan cika takardu; ƙaramin ɗan kasuwa mai aika kwali goma zuwa Holan shi ya ji jiki, da yawa kuma suka haƙura da kasuwar Turai. Fataken Maraɗi da suka ga abin da rufe iyakar Najeriya ya yi wa cinikinsu daga Agusta na 2019 zuwa Disamba na 2020 ba su bukatar a yi musu dogon bayani a kan haka. Nijar ma ta bar ƙungiyar CEDEAO a watan Janairu na 2025, bisa dalilan da suka sha bamban da na Ingila; abin da ya yi kama shi ne, shelar fita ta rana ɗaya ce, daidaita takardun mutane da na kaya kuwa aikin shekaru ne.

Alkawarin da aka rubuta a jikin jar motar yaƙin neman ƙuri'a, na fam miliyon 350 kowane mako da za a iya juya wa asibitoci, hukumar ƙididdiga ta ƙasar ta ce tun a lokacin adadin yana ɓatar da mutane. Alkawarin rage baƙi kuwa ya zo da abin da ba a zata ba. Ƴan Turai sun ragu, har a ƙarshen 2021 aka rasa direbobin manyan motoci, gidajen mai suka ƙafe na ƴan kwanaki. Amma asibitoci, gidajen kula da tsofaffi da jami'o'i suka juya ga Indiya da Najeriya da wasu ƙasashe, har rarar masu shigowa a kan masu fita ta haura dubu 900 a shekara guda, wajen 2023, alhali a jajibirin zaɓen 2016 ba ta wuce dubu 330 da ƴan kai ba. A gonaki, bizar aikin wata shida da aka fara a 2019 ta kawo leburori daga Yukren, daga baya kuma daga Kirgizistan da Uzbekistan.

Mutanen Boston ba su ɗauki wannan a matsayin dalilin nadama ba. Da yawansu cewa suke an yi fitar ne rabi da rabi, kuma waɗanda aka damƙa wa aikin tun farko ba su so shi ba. A zaɓen watan Yuli na 2024, wanda ya kawo Keir Starmer na Labour kan mulki, mazaɓar Boston da Skegness ta kayar da ɗan majalisarta na jam'iyyar Conservative, ta zaɓi Richard Tice na jam'iyyar Reform UK ta su Farage. Gwamnatin Starmer kuma ta aza harajin kashi 20 cikin 100 a kan kuɗin lakwal masu zaman kansu daga Janairu na 2025, abin da ya ba teburin shayi sabon abin gardama: dattijon yana ganin ya yi daidai, manomin da ya kai ɗansa irin wannan lakwal yana ganin hassada ce.

Wajen ƙarfe huɗu na yamma masu rumfuna sukan fara naɗe tantinsu, ana karyar da farashin ragowar kabeji. A daidai wannan lokaci yaran lakwal suke ratsa filin kasuwa zuwa gida, kowane da kwat da bajen lakwal ɗinsa a ƙirji, ta yadda mai kallo zai gane wanda ya ci jarrabawar da wanda ya faɗi ba tare da ya tambaya ba. Cikin masu kwat ɗin grammar akwai ƴaƴan ƴan Polan da Lituwaniya, haifaffun garin, masu magana da irin nauyin bakin Lincolnshire, waɗanda iyayensu suka yanki kabeji cikin ƙanƙara domin su ga wannan rana. Idan al'amura suka bi hanyar da suka saba bi, su ma nan da ƴan shekaru za su hau ƙaramin jirgin nan zuwa Grantham, su sake babba zuwa jami'a. Dattijon yakan bi su da kallo ta gilashin shagon, ya biya kuɗin shayinsa, ya yi sallama da manomin da matar mai shago sai Asabar. Da asubar fari kuma, tun fitilun titi ba su mutu ba, ƙananan motocin ƴan kwangila za su tsaya a kusurwoyin West Street suna ɗibar leburori zuwa gona.